Rijiyar Maamobi da Ta Daina Amsa Dutse

Sunana Issaka, amma a unguwar Nima ba mai kirana da shi. Ticha ake ce mini, har limamin layinmu. Shekara talatin da 'yan kai ina koyar da ɗaliban jami'a kalkulas da fiziks a ɗaki ɗaya mai benci biyar, bayan shagon mai walda. Ku da kuka gama karatu bara da bana, kun zo kun ce za ku buɗe lesin irin nawa, wai aikin ba shi da wuya tunda waya tana warware tambaya kafin mutum ya gama karanta ta. To, ku zauna in gaya muku aikin yadda na same shi.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba. Akwai allon katako da nake shafa wa baƙin tsohon batir duk wata, da alli, da rula, da takardar giraf, da kalkuleta, da igiyar awo mai dalma a bakinta. Sai gwangwanin madara da na huda wa gindi da ƙusa. Duk ɗalibin da ya zo mini, da gwangwanin nan muke farawa. In cika shi da ruwa, in ce ya zuba ido. Da farko ruwan yana sauka da sauri, don nauyin na sama yana danna na ƙasa. Yana raguwa, saurin yana raguwa, har na ƙarshe ya riƙa ɗiga kamar ba ya son fita. Sai in ce masa abin da ya gani shi ne kalkulas: saurin da abu yake canjawa, da kuma yadda shi kansa saurin yake canjawa. Wanda ya gane gwangwani, sauran duk rubutu ne. Wanda bai gane ba, ko ya haddace littafi, ranar jarrabawa za a juya masa tambaya ya zauna yana kallon fanka.

Ni ma ba a aji na ƙware ba. Shekara huɗu na yi a hannun wani tsohon safiyo, ɗan ƙabilar Ga, ana ce masa Mista Okai, a Kotobabi. Hausarsa irin ta zango ce, komai "shi". Ina riƙe masa tef, ina wanke allo, ina duba takardun ɗalibansa, amma sai da na shekara bai bar ni na taɓa kalkuleta ba. Ka zana abin tukuna, in ji shi, ka faɗi amsar da idonka ya ba ka, sannan ka lissafa.

Aikin farko da na bi shi waje, wani lauya ne ya kira shi a kan trotro, wato motar haya, da ta buge mutum a wajen unguwar Tudu. Muka je da hantsi muka auna baƙin layin da taya ta bari a kwalta, don daga tsawon layin ake gane gudun mota kafin burki. Na tsugunna a gefen titi na yi lissafi, na kawo masa gudu daidai, ina jin daɗin kaina. Ya karɓi takardar bai duba ba. Ya ja hannuna ya kai ni inda jini ya bushe, daga nan ya yi taku goma sha ɗaya gaba, zuwa inda baƙin layin ya fara. Direban bai taka burki ba sai da ya riga ya wuce ta kan mutumin. Mista Okai ya ce, "Lissafinka shi yi daidai. Amma kai ba ka duba ƙasa ba."

Bayan ya rasu na buɗe nawa wurin. Masu zuwa mini kala-kala ne. Akwai wanda ya faɗi fiziks sau biyu yana ɓoye wa ubansa, akwai wanda amsa kawai yake so ya kwafa, shi nakan sallame shi tun daga ƙofa. Wani lokaci magini ya leƙo ya tambaya ko rufi zai ɗauki tankin ruwa. Amma aikin da nake so ku ji, wata ɗaliba ce ta kawo mini shi.

Sunanta Rukaya, tana shekara ta biyu a karatun injiniya, tana zaune a gidan kakarta Hajiya Ladi a unguwar Maamobi. Na ba ajinsu tambayar nan da take cikin kowane littafin fiziks: ka saki dutse a rijiya, ka ƙidaya lokacin da ƙarar faɗawarsa ta iso kunnenka, ka fitar da zurfin. Sauran suka yi a takarda. Ita gidansu akwai rijiya, sai ta je ta saki dutse da gaske, ta naɗi sautin da wayarta. Ta samu mita takwas daga baki zuwa ruwa. Bayan mako ta sake yi, ta zo mini da takardu biyu.

"Ticha, ko dai na yi kuskure, ko ruwan rijiyarmu yana sauka."

Tsakiyar damina muke. Gota, magudanar ruwan unguwa, ta cika, kowace rijiya a Zango ta hau. Na ba ta igiyar awona, na ce ta auna kullum da safe kafin kowa ya ja ruwa, ta rubuta abin da ya ragu daga na jiya.

Ranar Laraba ruwan ya sauka santimita shida. Alhamis tara. Juma'a goma sha uku, Asabar ashirin, Lahadi talatin. Ta kawo mini lambobin ranar Lahadin da rana, na ɗora su a takardar giraf, ɗigo biyar, na haɗa su da layi. Layin ya lanƙwashe ya nufi sama. Na kalle shi, na kalli gwangwanina a kan taga. Duk abin da yake yoyo ta rami guda, saurinsa raguwa yake yi. Wannan ƙaruwa yake, kullum da rabin na jiya. Abu ɗaya ne ke kawo haka: ramin da ruwan yake bi yana girma. Wani abu yana cin ƙasa a gindin gidan.

Muka tafi tare bayan la'asar. Gida ne irin na da, ɗakuna goma sha ɗaya sun zagaye tsakar gida, rijiyar tana kusurwar gabas, taku biyu daga bangon ɗakin ƙarshe. Hajiya Ladi tana kan tabarma tana jan carbi. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ticha, rijiyar nan mijina ya haƙa ta kafin a haifi uwar yarinyar nan. Ko shekarar da famfo ya ɗauke wata uku ba ta ƙafe ba." Sannan ta ƙara, "Amma kwana uku ke nan tana numfashi."

Na je na miƙa hannu a kan bakin rijiyar. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, ta tsaya, ta sake fitowa, da warin laka. Hajiya ta ce kwaɗin da suke hana su sukuni duk damina sun yi shiru. Kyanwar gidan ma na lura da ita. Za ta je kicin, maimakon ta ratsa tsakar gida, sai ta hau katanga ta zagaya.

Na tara masu haya a gidan. Na karɓi gwangwanin tumatir a kicin, na huda shi, na zuba ruwa suka ga yadda yake ragewa a hankali. Na sake cikawa, wannan karon ina juya ƙusa a ramin yana faɗaɗa. Ruwan ya zube kafin su ƙifta ido. Na ce musu ruwan da ke cikin rijiya shi yake tokare da bangonta. Ranar da ya ƙare, ba abin da zai riƙe ta, kuma ba wanda ya san girman kogon da ke ƙarƙashinmu. Wata mata ta ɗauke ɗanta daga ƙasa ta goya shi.

Suka tambaye ni yaushe. Rijiyar mita goma sha uku ce, saura ruwa mita huɗu da ɗan kai. Na tara abin da zai riƙa sauka kullum in ya ci gaba da yadda ya faro. Na ce Juma'a.

Ranar Litinin da safe Rukaya ta kira ni. Lissafina ya ce za ta samu arba'in da biyar.

"Ticha, casa'in da biyar."

Na ce hannunta ne ya yi rawa, ko wani ya riga ta jan ruwa.

"Ba wanda ya taɓa guga tun jiya. Sau uku na auna."

Na ɗora ɗigon a takarda. Ya tsaya can sama shi kaɗai, nesa da layina. Ɗigo biyar sun zauna a kan lanƙwasa mai kyau irin ta littafi, na shida ya zo zai ɓata ta. Na zagaye shi, na rubuta "kuskuren awo" a gefe. Ku ji da kyau, ba waya ce ta yi wannan ba, ba kalkuleta ba. Ni ne, da shekara ashirin da wani abu a aiki. Da na yarda da ɗigon, da na ga saurin ya ninka uku, da amsar ta fito Laraba. Kuma da bakina na ce a rufe rijiyar da katako kada yaro ya matsa kusa, shi ya sa ranar Talata ba a auna ba.

Da yammacin Litinin ɗin na koma gidan. Ana ta fitar da kaya, masu kura suna jiran layi a ƙofa. Hajiya ta yarda za ta koma wurin 'yarta a Kotobabi. Mai ɗakin ƙarshe, na jikin rijiya, wani tela ne mutumin Nijar, Malam Hamidu, dogo, mai magana a hankali. Ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa Nima wurin 'yan'uwa. Ya same ni a bakin ƙofa da tef rataye a wuya.

"Malam, Juma'a ka ce?"

"Juma'a."

"Ina da kayan bikin mutane, riga bakwai. In na kwance keken nan na ɗauke shi, kwana guda ya tafi. Alhamis da azahar zan gama in sha Allahu. Ka ga akwai matsala?"

Na ce ban ga matsala ba, amma kada ya wuce Alhamis.

Ranar Laraba da hantsi muka je ni da Rukaya, ina so in ƙara ɗigo ɗaya a takarda. Rana ta fito tas. Gidan ya zama kango, ƙofofi a buɗe, igiyoyin shanya ba komai a kansu. Ba abin da ake ji sai keken Malam Hamidu, irin na ƙafa, yana ta tafiya a ɗakin ƙarshe. Muka ɗaga katako ɗaya. Iskar da ta fito ta ɗaga mayafin Rukaya. Ta kunna naɗin sauti a wayarta, ta ajiye ta a kan turmi, na ɗauki dutse kamar ƙwan kaza na sake shi.

Muka jira. Ruwa bai amsa ba. Ƙasa ma ba ta amsa ba. Dutse da ya faɗa rijiya mai mita goma sha uku, ko busasshiya ce, kafin daƙiƙa biyu dole a ji shi. Na ƙirga goma a raina. Na saki na biyu, wanda ya fi girma. Shi ma ya tafi kamar an karɓe shi da hannu.

Rukaya ta ce, "Ticha, ba gindi."

Na ce ta fita waje. Na je ƙofar Malam Hamidu. Yana zaune ya ba bangon rijiya baya, farin yadi yana gudu a ƙarƙashin allura.

"Malam Hamidu, fito yanzu. Na yi kuskure. Ba Juma'a ba ce."

Bai ɗaga kai ba. "Bari in kai ƙarshen layin nan, Malam. Taƙi ɗaya ya rage."

Akwai ƙwaryar zare a ƙasa kusa da ƙafata. Ba wanda ya taɓa ta. Ina kallo ta fara mirginawa, a hankali, ta bi siminti ta wuce ƙarƙashin kujerarsa, ta ƙara sauri, ta je ta bugi bangon baya. Na sake kiran sunansa. Ya ce, "Ga ni nan." Na waiwaya na ga Rukaya ba ta fita ba, ta tsaya a tsakar gida tana kallon wata tsaga da ta buɗe a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Na yi tsalle na fizgi hannunta, na ja ta zuwa zaure.

Ba ƙara mai yawa aka yi ba. Kamar an kwance bakin buhun shinkafa ana zazzagewa, haka na ji. Da na juyo, rijiyar ba ta nan, ɗakin ƙarshe ba ya nan. Ƙofarsa kawai ta rage a tsaye da labulenta, bayanta sarari. Turmin da wayar take kai ya tsaya a gaɓar ramin.

Kwana uku ana haƙa, matasan unguwa da ma'aikatan ceto. A rana ta uku aka sami gawar Malam Hamidu, ba a ramin ba, can ƙasa inda wata tsohuwar hanyar ruwa take ɓullowa cikin babbar gota, nisan gida takwas. Sai a lokacin tsofaffi suka tuna cewa kafin a yi gine-gine akwai ɗan rafi da ya ratsa wurin, aka cike shi da shara da jar ƙasa. Ruwan bai daina bin hanyarsa ba, ta ƙasa ya koma.

Bayan sadakar bakwai Rukaya ta kawo mini wayar. Naɗin bai tsaya ba sai da batir ya mutu. Muka saurara a ɗakin nan, ƙofa a buɗe, mai walda yana aikinsa. Ana jin muryata ina kiran Malam Hamidu, ana jin zubewar ƙasa. Bayan ta lafa, keken yana nan yana tafiya. Sautin ya yi nisa, kamar daga cikin randa, amma bugunsa daidai yake, bai ragu ba. Na ƙirga da agogo: daƙiƙa arba'in da ɗaya. Daga nan ya tsaya cak, yadda tela yake tsayawa in ya kai ƙarshen layi.

Washegari na je wurin wani tela mai irin keken, na roƙe shi ya taka da ƙarfi ya ɗauke ƙafa. Sau goma muka gwada. Ƙafar keken ba ta taɓa wuce daƙiƙa uku tana juyawa ba. Na zauna na yi lissafin nauyinta da gogayyar bel, na ba ta duk rangwamen da littafi ya yarda da shi, na samu biyar. Na ce wa Rukaya ta goge naɗin. Ban sani ba ko ta goge.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata. Rabin unguwa suka ce bakina ne, wai rijiya shekara hamsin lafiya lau sai da na je na saka mata rana. Sauran rabin suka ce na faɗi Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, su ne suka fi kusa da gaskiya. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Mai kokon da nake saya wurinta tun ina saurayi ta daina miƙa mini kofi hannu da hannu, sai ta ajiye a benci in ɗauka. Na koma bin magina ina riƙe musu tef kamar lokacin Mista Okai. Rukaya kaɗai take zuwa, ranar Asabar, mu zauna ni da ita da benci huɗu ba kowa. Ramin kuwa an zuba masa ƙasa mota-mota an daddaɓe. Har yau duk damina sai ya lotsa kamar taƙi guda, ba wanda ya sake gini a kai.

Sai da aka shekara biyu ɗalibai suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Tun daga nan ban sake ba mutum lamba ɗaya tak ba. In ka tambaye ni yaushe, zan faɗa maka rana mafi kusa da abin zai iya faruwa, in ce ka yi aiki da ita. Ɗigon da ya fita layi kuwa, shi nake fara tambaya.

Wata Asabar da safe, shekara huɗu bayan abin, ina shafa wa allo baƙi sai aka yi sallama. Mace ce da baƙin hijabi, da budurwa a bayanta riƙe da sabon littafin rubutu. Ban gane ta ba sai da ta faɗa. Hadiza ce, matar Malam Hamidu. Ban taɓa haɗa ido da ita ba tun ranar ta'aziyya. Na ba su benci. Ita ba ta zauna ba.

Ta ce, "Wannan Zainabu ce, babbar 'yarsa. Ta samu shiga jami'a, injiniya za ta karanta. An ce fiziks yana kayar da su a shekarar farko."

Na ce akwai masu lesin da yawa yanzu, zan iya haɗa ta da wani nagari.

"Na san akwai." Ta gyara hijabinta. "Ranar Litinin ɗin nan da ya zo duba mu a Nima, na roƙe shi ya bar ɗakin. Ya ce mini, Ticha ya ce Juma'a, mutumin nan ba ya ƙarya. Shekara huɗu ina so in tambaye ka. Ƙarya ka yi masa?"

"Ban yi masa ƙarya ba. An kawo mini lamba shida, na jefar da ɗaya don ba ta yi mini daɗi ba. Ita ce ta gaskiya."

Ta daɗe tana kallona. Mai walda ya kashe injinsa.

Ta ce, "Takardar da ka ɗora lambobin tana nan?"

Na ce tana nan.

"To, ka nuna mata. Daga nan za ku fara."

Ta juya ta fita, ba ta jira na raka ta ba. Na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin tebur na ciro takardar giraf ɗin, ta yi ja saboda daɗewa, na shimfiɗa ta a gaban yarinyar. Ta bi layin da ido daga ƙasa zuwa sama. Sannan ta ɗora yatsa a kan ɗigon da ke can gefe shi kaɗai, cikin da'irar da na zana masa.

"Wannan ne, Ticha?"

Na ce shi ne. Ta buɗe sabon littafinta a shafin farko, ta cire murfin biro.